Alan Turing: Masanin lissafin da ya hango na'ura mai kwaikwayon kowace na'ura

A yau akwai masu rubuta manhajar da ke sa kwamfutar zamani ta rikiɗe ta zama tsohuwar na'ura, kamar Apple II ta shekarar 1977. Sukan ware wani yanki na ma'adanar sabuwar kwamfuta ya tsaya a madadin ma'adanar tsohuwar, sannan su koya mata ɗauko umarnin tsohuwar ƙwaƙwalwar nan mai suna 6502 ɗaya bayan ɗaya, ta gane shi, ta aiwatar. Da haka wasanni da bayanan da injinsu ya daɗe da mutuwa suke sake buɗuwa. Tushen wannan dabara yana komawa ga wani Baturen Ingila da ya rasu fiye da shekara 70 da suka wuce.

An haifi Alan Turing a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912, ya kuma karanci lissafi a Jami'ar Cambridge. A 1936, tun babu kwamfuta ko guda irin wadda muka sani, ya rubuta maƙalar da ta fito da sunansa. A cikinta ya siffanta wata na'ura ta tunani kawai, mai doguwar takarda da aka raba gida-gida. Na'urar tana duba gida ɗaya, ta rubuta ko ta goge alama bisa ƙa'idar da aka ba ta, ta matsa dama ko hagu. Daga nan ya nuna cewa za a iya samun na'ura guda wadda, muddin aka rubuta mata bayanin wata na'ura a kan takardar, za ta yi duk abin da waccan take yi. A ganina, ko da nan ya ajiye alƙalami, da ya gama biyan bashin zamaninsa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a Bletchley Park, inda ya tsara na'urar da ta taimaka wajen warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus. Bayan yaƙi ya zana kwamfutar ACE, wadda ma'adanarta bututu ne cike da zaiba, bayanai na kai-komo a ciki a matsayin sauti. Jan ƙafar hukuma ya gundure shi, ya koma Manchester a 1948. Ƙaramin samfurin na'urar bai fara aiki ba sai a 1950.

A 1952 kotu ta same shi da laifin luwaɗi, wanda dokar Ingila ta haramta a lokacin, aka ɗora shi kan magani a maimakon ɗauri. Ya rasu ranar 7 ga Yuni, 1954, yana da shekara 41, sakamakon guba. Binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa, mahaifiyarsa kuwa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne. Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, kuma tun 2021 hotonsa ke kan takardar fam 50 ta Ingila.