Dorugu, Yaron Damagaram da Ya Ba Turai Hausa

Duk ɗalibin da ya bi tarihin nazarin Hausa zai fara cin karo da sunan James Frederick Schön, Bajamushen nan ɗan mishan wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Sunan da ba ya bisa bangon waɗannan littattafai shi ne na mutumin da mafi yawan Hausar cikinsu ta fito daga bakinsa, wato Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram.

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance. Mahaifinsa Kwage makaɗi ne kuma manomi, sunan mahaifiyarsa Kande. Zamanin kuwa na hari ne da kamun bayi, Damagaram tana biyan gaisuwa ga Barno, talakan ƙauye shi ne abincin kowace runduna. Yana yaro ƙarami aka kama shi, aka raba shi da dangi, ya yi ta sauya hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno. Daga nan salsalar gidansu ta yanke. Ɗan abin da aka sani game da iyayensa an san shi ne don shi da kansa ya faɗa aka rubuta.

A Kukawa ya haɗu da Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Jamusawa biyu da ke cikin ayarin binciken da gwamnatin Ingila ta turo daga Tarabulus a 1850. Overweg ya fanshe shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, ya ƴanta su. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin Satumba 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu aiki. Tare da shi suka biyo ta Damagaram a ƙarshen shekarar, inda har yau ake nuna gidan da Barth ya sauka a cikin Birni. Dorugu ya dawo ƙasar haihuwarsa yana ɗa, ba bawa ba, amma bai zauna ba. Ayari ya wuce Katsina da Sakkwato da Gwandu, ya ƙetare Kwara a Sayi, ya shiga Tumbutu cikin Satumba 1853. Bayan sun komo Barno suka keta hamada zuwa Tarabulus, a 1855 kuma yaran suka sauka a Landan.

A Ingila ne rayuwarsa ta juya. Schön ya soma sha'awar Hausa tun tafiyar da ya yi bisa kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, har ya fitar da ɗan littafin kalmomi a 1843, amma yana zaune a yankin Kent, nesa da duk wani mai jin harshen. Zuwan Dorugu ya zame masa ruwan sama a tsakiyar rani. Yaran suka koma gidansa, abin da bai yi wa Barth daɗi ba, domin shi ya ɗauko su da niyyar mayar da su gida. A can aka yi masu baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Sunayen ma kansu tarihi ne: James sunan Schön ne, Henry kuwa shi ne Heinrich da bakin Ingilishi. Haka ta kasance ga ƴantattun bayi da yawa waɗanda suka kafa jama'ar Kirista ta farko a bakin Kwara, sunan uban goyo ya maye gurbin sunan kaka, littafin ekilisiya ya zama mafarin asalin gida.

Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna wajen Schön har 1864. Cikin waɗannan shekaru yana faɗa, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da taimako wajen juya wasu littattafan Baibul zuwa Hausa. Labarin rayuwar tasa shi ne gwanin sashen Magana Hausa. A ciki yaron ƙauye ne ke kallon Turawa, yana bayyana cin abincinsu da tufafinsu da sanyin ƙasarsu da idon baƙo mai lura, a lokacin da aka saba Bature ne ke kallo yana rubutawa. Da wuya a sami zube na Hausa a boko mai tsawonsa da ya girme shi.

Ga mai nazarin harshe, nassin taska ne, amma yana son a taka a hankali. Schön ya yi amfani da tsarin haruffan Lepsius, kunnensa kuma bai kama bambancin b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ yadda ya kamata ba, balle karin sauti da tsawon wasali, waɗanda su ne ke raba ma'anar kalmomi da dama. Shi kansa mai maganar ya bar ƙasar Hausa yana yaro, ya zauna cikin Barebari da Larabawa, sannan ya yi shekaru cikin masu Ingilishi. Saboda haka idan aka ga wata siga baƙuwa a shafi, tambaya uku ce ke tasowa: karin harshen Damagaram ne na wancan zamani, ko tasirin wani harshe ne a bakin Dorugu, ko kuwa kuskuren alƙalamin Schön? Wannan ne ya sa aikin Anthony Kirk-Greene da Paul Newman na 1971, waɗanda suka fassara labarin zuwa Ingilishi tare da sharhi, yake da daraja. Ɗaliban da suka tashi da Hausar Kance da Matamai a bakinsu suna da abin aunawa da manazartan waje ba su da shi.

Schön ya sami lambar Volney a Faransa a 1877, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Dorugu kuwa, bayan komowarsa, ya yi rayuwar tafinta, yana tsakanin Turawa da mutanen ƙasa, Kirista mai karatun boko a ƙasar da irinsa ba su da yawa. Da tsufa ya zo, ya sami wuri a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, yana koya wa malamai da yara rubutun boko, irin rubutun da aka gwada da maganarsa shekara hamsin da suka wuce. A nan Kano ya rasu a 1912, tafiyar ƴan kwanaki kaɗan daga Dambanas.