Shoji Hamada: Maginin Tukwanen da Ya Ɗaukaka Sana'ar Ƙauye a Ƙasar Japan

An haifi Shoji Hamada ran 9 ga watan Disamba, 1894, a Kawasaki, kusa da birnin Tokyo. Ya yi karatun sarrafa yumɓu a babbar makarantar koyon sana'a ta Tokyo, ya gama cikin 1916, kana ya kama aiki a wata ma'aikatar bincike a Kyoto, inda ya yi shekaru yana jarraba ruwan ƙyallin da ake shafa wa tukwane kafin a gasa su.

A ƙasar Japan kowane lardi da irin gininsa. Mutanen Bizen ba su shafa wa tukwanensu ruwan ƙyalli, wuta da toka ke ba su launi. Su kuwa na Arita farin tangaran suke yi tun ƙarni na 17. Amma a zamanin ƙuruciyar Hamada kayan masana'antu sun fara cika kasuwa, har an soma raina aikin maginan ƙauye.

Cikin 1920 ya bi abokinsa Bature, Bernard Leach, zuwa Ingila, suka kafa wurin ginin tukwane a garin St Ives, suka gina tanderu irin na Japan mai ɗakuna a jere. Da ya koma gida cikin 1924, sai ya bar manyan birane ya zaɓi Mashiko, wani ƙaramin gari a lardin Tochigi. Tun wajen 1853 mutanen garin ke gina randuna da turame da butocin shayi don girkin talakawa, ba kuwa wanda ke ɗaukar aikinsu a bakin komai.

A nan Hamada ya zauna har ƙarshen ransa. Yumɓun garin ya yi ta aiki da shi, duk da kaushinsa. Ruwan ƙyalli mai launin ja-ja yakan haɗa shi da garin dutsen yankin, fari kuwa da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Yakan ɗebi ruwan da ludayi ya kwarara bisa babban faranti, zanen ya fito cikin ƙiftawar ido. Bai cika sa sunansa a jikin tukunya ba, don a ganinsa aikin kirki shi ke shaidar mai shi.

Shi da Soetsu Yanagi da Kanjiro Kawai suka tsaya wajen raya sana'o'in gargajiya, watau Mingei, har aka buɗe gidan adana kayan hannu na talakawa a Tokyo cikin 1936. Gwamnatin Japan ta sa shi cikin gwanayen da ta ɗauka dukiyar ƙasa cikin 1955, ta kuma ba shi lambar girma ta al'adu cikin 1968.

Har ila yau aikinsa ya taɓo ƙasarmu. Michael Cardew, wanda ya koyi sana'a a St Ives, shi ne ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga cikin 1954.

Hamada ya rasu a Mashiko ran 5 ga watan Janairu, 1978, yana da shekara 83. Garin da aka raina a dā ya zama matattarar magina daga ƙasashe daban-daban, gidansa kuma ya zama wurin adana kayan tarihi.