Bubu Hama, malamin lakwal da ya riƙe kujerar majalisar dokoki shekara 15

Idan aka ce majalisar dokoki ta zauna a Yamai, da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sukan ɗauka zancen manya ne, bai shafe su ba. Alhali kuwa kuɗin patanti, da abin da duwan ke karɓa a kan iyakar Ɗan Isa, da lanhon da kakanninmu suka sha wuyar biya, duk tushensu takarda ce da aka karanta a cikin wannan zaure aka ɗaga mata hannu. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin mutumin da ya fi kowa daɗewa bisa kujerar shugaban majalisar ƙasarmu, wato marigayi Bubu Hama. Ba ɗan yankinmu ba ne, amma mutanen Tasawa da Mayahi, har zuwa El Alasan Mairairai, suna da abin tunawa a cikin labarinsa.

An haife shi wajen shekara ta 1906 a Foneko, wani ƙauye na ƙasar Tera, can yamma da kogin Isa, cikin Sanwai. A lokacin Tera tana ƙarƙashin kumandan na Dori, shi ya sa bayan lakwal ɗin Tera aka tura shi Dori, daga nan Wagadugu, daga nan kuma babbar makarantar horon malamai ta William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal. Ya fito a 1929, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya samu takardar malanta daga wannan makaranta. Ya koyar a Yamai da Tilaberi da Dori. A zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu don kada Nasara ya kai su lakwal, mushe baƙar fata abin kallo ne.

Siyasa ta same shi bayan yaƙin duniya na biyu. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. Gwamna Jean Toby bai ƙaunaci wannan jam'iyya ba ko kaɗan, har sai da aka kafa mata kishiya, UNIS, a 1948, tare da goyon bayan sarakuna. Duk da haka Bubu Hama ya samu kujera a majalisar Tarayyar Faransa da ke zama a Bersai, kusa da Paris, tun daga 1947. A can ne ya ga yadda Nasara ke tafiyar da zaure: wa ke da izinin magana, minti nawa, yaya ake shigar da gyara, yaya ake ƙirga hannu. Wannan ilimi ya yi masa rana daga baya. A 1956 ya zama shugaban PPN, Jori Hamani kuma yana babban magatakarda.

Sai dai a wannan lokaci ba su ne da jama'a ba. A zaɓen Maris na 1957, Sawaba ta Jibo Bakari ta kwashe kujera 41 daga cikin 60, PPN ta tashi da 19. Sawaba jam'iyyar talakan birni ce da ɗan kasuwa: direbobi, 'yan kamasho, teloli, masu tebur, mata masu sana'a, kuma ƙarfinta yana nan gabas, Maraɗi, Tasawa, Damagaram. Georges Condat, haifaffen Maraɗi, shi ne ya hau kujerar shugaban majalisa. Amma da Janar Dagol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari ya ce a jefa a'a, a karɓi 'yanci nan take. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, sarakuna da yawa suka juya baya, i ta yi rinjaye. Gwamnatin Sawaba ta faɗi, aka rushe majalisa, aka kira sabon zaɓe ranar 14 ga Disamba.

Nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A wannan zaɓe, ƙawancen da PPN ke jagoranta ya samu kujera 49, Sawaba ta samu 11, kuma waɗannan 11 ɗin daga mazaɓu biyu suka fito, Tasawa da Damagaram. A Damagaram shi kansa Jori Hamani ya sha ƙasa. Ranar 18 ga Disamba sabuwar majalisa ta zauna ta ayyana Jamhuriyar Nijar, ranar da har yau ake yi wa biki, Jori ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. Ba a daɗe ba aka soke sakamakon mazaɓun nan biyu, wai an yi maguɗi. Kujerun Tasawa aka miƙa su ga waɗanda suka faɗi. A Damagaram aka sake zaɓe a watan Yuni na 1959, Sawaba ta ƙaurace. A watan Oktoba na wannan shekara aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Manomi da ya baro gonarsa ya taka sayyada zuwa rumfar zaɓe a ƙasar Tasawa, ya wayi gari wanda bai zaɓa ba ne ke magana da sunansa. Daga ranar har zuwa 1974, babu ɗan adawa ko ɗaya da ya sake zama a wannan zaure.

To, yaya aikin yake tafiya a ciki? A bisa takarda, babu abin da ya rage. Kundin tsarin mulki na ranar 8 ga Nuwamba 1960 ya ba shugaban ƙasa da depitoci ikon gabatar da doka. Idan gwamnati ce ke so, sai ministoci su amince da daftarin a taronsu, a aika wa ofishin shugaban majalisa. Shi kuma ya miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, na kuɗi ko na shari'a ko na tattalin arziki. Kwamiti ya zauna ya bi shi layi-layi, ya kira minista ya yi bayani, ya naɗa mutum ɗaya da zai kawo rahoto. Ranar babban zama a karanta rahoton, shugaba ya ba da izinin magana ga wanda ya rubuta sunansa, a jefa ƙuri'a aya bayan aya, sa'an nan a jefa kan dokar gaba ɗaya. Daga nan sai ta koma wurin shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga ta cikin jaridar gwamnati. Sai an buga ta ne take hawa kan mutane. Wannan hanya, da 'yan gyare-gyare, ita ce duk majalisun da suka biyo baya suka bi, kuma a zamanin Bubu Hama aka shimfiɗa ta.

Kuma a yi masa adalci, an yi aiki. Ƙasa ce sabuwa fil, ba ta da dokokin kanta. A watan Yuli na 1961 majalisa ta fitar da dokar zama ɗan ƙasa, da kundin hukunta laifuka wanda alƙalai suka yi shekaru da dama suna aiki da shi. A 1962 ta tsara kotuna, ta bar wa al'ada da shari'ar mutane zancen aure, saki da gado. A 1964 ta raba ƙasa jaha bakwai, inda Tasawa da Mayahi suka zama gundumomi a cikin jahar Maraɗi. Wanda ya taɓa zuwa neman takardar ɗan ƙasa ko ya kai ƙarar gado, ya taɓa aikin wannan majalisa ko bai sani ba.

Amma duk wannan tsari na kwamiti da rahoto, amfaninsa shi ne a samu wanda zai tashi ya ce wannan ayar za ta cuci mutanena. Shi ne kuwa aka rasa. Shawarar gaske ba a zauren ake yanke ta ba, a ofishin siyasa na jam'iyya ake yanke ta, inda mutum uku suka fi kowa nauyi: Jori, da Jamballa Maiga ministan cikin gida, da shi Bubu Hama. Wato mutumin da ya kamata ya tsaya ya bincika aikin gwamnati, da shi aka dafa tuwon tun a madafa. A zaɓen 1965 da na 1970, jeri ɗaya tak na mutum 50 aka kawo wa jama'a, kuma jam'iyya ce ta rubuta sunayen, akasarinsu sarakuna da 'ya'yan sarakuna da manyan ma'aikata. Depite ya san wanda ya sa sunansa, ya kuma san wanda zai iya goge shi. Muhawara da Faransanci ake yi, jaridar gwamnati da Faransanci, ta yadda ɗan kasuwa ba ya jin labarin doka sai a Rediyon Nijar, ko a bakin dogari ranar da ya zo karɓa. Ga iyayenmu mata kuwa, ko da yake sun samu ikon jefa ƙuri'a tun 1956, babu mace ko ɗaya da ta zauna a majalisar Bubu Hama. Sai a 1989 mata biyar suka fara shiga.

Inda abin ya fi ciwo shi ne dokar kasafin kuɗi, wadda kowace shekara ita ce babban aikin majalisa. A cikinta ake tsaida lanho na kowane baligi da jangalin dabbobi. A waɗannan shekaru, gujiya ce ke ɗauke da ƙasar, kuma gujiyar nan daga Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai take fitowa. A 1962 gwamnati ta kafa Sonara ta ba ta ikon fitar da gujiya waje ita kaɗai, ta kafa Copro-Niger don shigo da kayan masarufi, ta kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. Gwamnati ce ke tsaida farashin kilo kowace kaka. Wasu alhazan Maraɗi da suka samu izinin saye sun yi arziki a nan, ba mu musu. Amma manomi, da ya bar wurin awo da 'yan kuɗinsa, mai karɓar lanho na jiransa, kuma lanhon sai hawa yake yi shekara bayan shekara, farashin gujiya kuwa bai bi shi ba. Mai gida in bai biya ba, akuyar matarsa ce ke tafiya kasuwa. Da akwai depite ɗaya da mutanen Tasawa suka zaɓa da hannunsu, da aƙalla an ji wannan kuka cikin zaure, ko da ba a share hawayen ba. Masu shekaru a cikinmu sun ga bambancin a 2005, lokacin da majalisa ta amince da ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa da sukari: aka rufe kasuwanni a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har gwamnati ta janye wani sashe. A zamanin jam'iyya ɗaya, wanda ya rufe shagonsa don fushi, jandarma ne zai buɗe masa shi.

Akwai wani Bubu Hama na biyu, wanda shi ne duniya ta fi sani. Mutum ne da ba ya gajiya da rubutu. Ya wallafa littattafai masu yawa kan tarihin Sanwai, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, kuma a 1967 ya fitar da tarihin Gobir da Sakkwato. Littafin rayuwarsa, Kotia-Nima, ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, da cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968. Ya aika a bi malamai gida-gida a nemo tsofaffin takardun Larabci da ajami, ya fara tara su a ginin majalisar kanta, kafin a mai da su cibiyar bincike da ke ƙarƙashin jami'a. Ba don shi ba, da gara ta cinye da yawa daga cikinsu. Har magajin garin Yamai ya riƙe, daga 1959 zuwa 1966. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, mutumin da zai zauna sa'o'i yana sauraron tsoho ɗan ƙauye yana ba shi labarin kakanni, bai ga dalilin barin jikan wannan tsoho ya zaɓi wakilinsa ba.

Fari ya fara a 1968, ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka ƙare a arewa, rumbuna suka bushe, mutanen arewacin Mayahi da Dakoro suka gangaro kudu, wasu har Najeriya. An kafa OPVN a 1970 don tanadin cimaka, taimako ya zo daga waje, amma zancen da ke yawo ko'ina shi ne manya na karkatar da hatsin suna sayarwa. A ƙasar da majalisa ke da haƙori, nan ne ake kiran minista a tsare shi da tambaya, a kafa kwamitin bincike. Majalisar Bubu Hama ba ta zama wurin wannan hisabi ba. Jam'iyyar ma ba ta sake yin babban taronta ba tun 1959. Daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftanan-Kanar Seini Kunce suka kifar da gwamnati, aka kashe Hajiya Aisa matar Jori, aka rushe majalisa. Ba a ga jama'a sun fito kare ta ba. Mulkin sojan ne daga baya ya soke jangali da lanhon kai, abin da zaɓaɓɓu suka kasa yi cikin shekara 15.

An tsare Bubu Hama a Agadas yana dattijo mai kusan shekara 70. Bayan 'yan shekaru aka sake shi, ya koma Yamai ya ci gaba da rubuce-rubucensa, bai sake shiga siyasa ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 29 ga Janairu 1982. Zauren da ya bari ya zauna a rufe har watan Disamba na 1989, 'yan adawa kuwa sai a 1993 suka sake shigarsa, shekara 34 bayan an kori wakilan Tasawa. Majalisar da aka zaɓa a 1999 ce ta yi dokar ba mata kaso a jerin 'yan takara a shekara ta 2000, ita ce kuma a 2002 ta yi dokar da ta ƙirƙiro kwaminoni, ciki har da ta El Alasan Mairairai. An sake rushe majalisa a 1996, 1999, 2010 da 2023, kowane karo da bakin bindiga. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai kuwa, a 2008 aka raɗa masa sunan Bubu Hama.