Alhaji Umaru Salaga: Malamin Fatake Da Ya Gano Nasara Tun Daga Lafazinsu

A filinmu na tarihin magabata na wannan mako, mun waiwayi wani bawan Allah wanda da wuya a zauna da tsofaffin malaman Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, hirar ilimi ta yi nisa, ba a ambaci sunansa ba. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda a Nijeriya aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga, mu kuma a nan Gana muke danganta shi da Kete-Krachi, garin da ya yi limanci har ƙarshen rayuwarsa. Mun zaɓo shi ne musamman domin 'yan uwanmu masu kasuwanci a Aflawo da Paga da Bawku da Sinkase, saboda shi ma ɗan fatake ne, kuma a zamaninsa aka shata iyakokin da kuke tsallakawa kullum.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Mahaifinsa malami ne kuma falke, yana zuwa Gwanja sayen goro. Umaru ya yi karatun allo a Kano, ya ƙaro ilimi a ƙasar Sakkwato, a tsakanin haka kuma yana bin ayari. Tafiyar watanni ce: a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, kafin a sauka Salaga da kanwa da tufafin rini da fatu, a koma da huhunan goro. Kada mu ɓoye, har da bayi ake cinikinsu a wannan kasuwa.

Littafin da ya fara fito da sunansa, wanda ya rubuta a 1877 yana ɗan kimanin shekara 20, kan yadda ake tsara wasiƙa ne. Duk wanda ya taɓa ba da bashi a nesa ya san amfanin wannan. Falken da bai iya rubutu ba, dole ya miƙa sirrinsa ga wani, kuma abin da aka rubuta da sunansa shi zai ci shi gobe, ko da ba haka ya faɗa ba.

Salaga da ya zauna a cikinta ta riga ta fara sanyi. Tun da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 hanyar goro ta rikice. A 1892 yaƙin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja na Kpembe, kasuwa ta watse, fatake suka bazu. Malam Umaru ya ƙare a Kete-Krachi wajen 1896, inda ya tarar Jamusawa sun kafa bariki tun 1894.

To a nan ne ya shiga aikin da ya sa muke tuna shi. A 1899 ya yi wata doguwar ƙasida da Larabci kan zuwan Turawa, ya ƙara wata bayan kamar shekara guda, sannan a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, ya yi Waƙar Nasara da Hausa cikin ajami. Ya jero garuruwa da sarakunan da aka murƙushe ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ya bayyana farkon lamarin. A ganinsa ba da bindiga suka fara ba. Da lallausan harshe suka zo, suna cewa ciniki ya kawo su da hana zalunci, aka yi musu tarbar baƙi, sai da suka zauna daram sannan magana ta sauya, tuta ta hau.

Tarihi ya gaskata shi. A 1892 da 1894 gwamnatin Ingila ta aiki George Ekem Ferguson, wani Bafante ma'aunin ƙasa, ya zaga arewa yana sa sarakuna su sa hannu a takardun da aka kira yarjejeniyar abota da ciniki. Da Turanci aka rubuta su, tafinta ne ke faɗa wa sarki abin da ke ciki. Daga baya waɗannan takardu ne aka ɗora a teburin Turai a matsayin shaidar mallaka. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin a tsakaninsu: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus, aka tsaga ƙasar Dagomba gida biyu. Hanyar da falke ya saba bi da jakinsa ta wayi gari da kwastan a tsakiya. Kalmar da aka yi amfani da ita kuwa ita ce kariya. Masu karatun boko sukan yabi George Orwell, Baturen Ingilan da ya nuna a littafinsa mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, yadda gwamnati ke juya ma'anar kalmomi don ta mallake tunanin jama'a. Ba mu raina aikinsa ba, amma shekara 50 kafin nan wani malamin zango ya ga irin wannan da idonsa, ya kuma rubuta.

Sai dai akwai wani ɓangare da masoyansa ba su cika son a taɓo ba. Mutumin nan da ya yi wa Nasara waƙar tonon asiri, shi ne kuma malamin Adam Mischlich, jami'in Jamus mai riƙe da barikin Kete-Krachi. Tun a Salaga ma ya yi hulɗa da wani Bajamushe masanin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Ya rubuta wa Mischlich shafuka masu yawan gaske cikin ajami kan tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da kasuwancinsu da al'adunsu, shi kuma Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906. A lokacin nan Hausa ta zama harshen bariki. Da ita ake ba soja da ɗan sanda umarni a Gwalkwas, wato harshen da ake kukan zalunci da shi, da shi kuma ake tattara haraji. Wasu za su ce ya ba mai mulki mabuɗin gida. Mu dai abin da muka gani shi ne, malami ne mai iyali da almajirai a garin da Jamusawa suka harbe babban bokan tsafin Dente a 1894, ya san ba a ja da su da sanda. Kuma ba don waɗannan shafuka ba, da yawancin abin da aka sani kan rayuwar talakan Hausa a ƙarni na 19 ya bi iska.

Bai kuma bar na gida sun sha ba. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ita ce ta fi shiga jama'a, kuma duk wanda ya taɓa karyewa a kasuwa zai ji kamar da shi ake. Ya nuna yadda matalauci zai faɗi gaskiya a taro a yi banza da shi, mai kuɗi ya kawo shirme a gyaɗa kai. Yadda ake laƙaba wa marar shi munanan sunaye, a lulluɓe aibin mai hali da kirari. Babu Bature a wannan hoto, mu ne da kanmu. Haka kuma wajen 1904 da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ratso ƙasar yana ruɗa jama'a da da'awar Mahadiyanci, Malam Umaru ya yi masa raddi da waƙa.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Kafin ya dawo yaƙin duniya na farko ya kori Jamusawa, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Ya ci gaba da limanci da karantarwa, ya yi waƙa kan annobar murar 1918, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙais zuwa Hausa. Almajiransa suka bazu a zangunan Kumasi da Akara da arewa. A ƙarshen sunansa yakan danganta kansa da wurare uku, Kabi da Kano da Salaga, waɗanda a yau sai da takarda ake haɗa su a tafiya ɗaya. Allah ya yi masa rasuwa a 1934, lokacin Nima tana 'yar ƙaramar unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Tsohon garin Kete-Krachi da ya sani, tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. A cikin waɗannan shekarun ne masana irin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, tare da Alhaji Usmanu Boyo, suka bi gidajen malamai suna tattara kwafin rubuce-rubucensa. Suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, tafiyar mota guda daga Mamobi.