Charles Lindbergh, Matuƙin Da Ya Yi Kokawa Da Barci

An haifi Charles Lindbergh a Amurka cikin 1902. Da fari aikinsa kai wasiƙu ne a jirgin sama tsakanin St. Louis da Chicago. Cikin 1927, watau shekara biyu bayan jiragen sama sun fara sauka a Kano, ya ɗaura niyyar tashi daga New York zuwa Paris shi kaɗai, ba ya da zango ko'ina.

Ya tashi ran 20 ga Mayu da safe, alhali daren jiya bai runtsa ba saboda hidimar shiri. Tafiyar mil 3,600 ce, yawancinta bisa teku, ta ci awa 33 da rabi. Abin da ya fi ba shi wahala kuwa ba iska ba ce, barci ne. Ya riƙa buɗe idanunsa da yatsu, yana leƙa kansa ta taga don sanyi ya buge shi. Ya shaƙi wani magani mai kaifin wari, bai ji kome ba. Can wajen asuba har ya soma ganin waɗansu siffofi kamar fatalwa cikin jirgin suna yi masa magana. Jirgin nan ba ya tafiya daidai in an sake shi, wannan ma ya taimake shi, gama da ya soma gyangyaɗi sai jirgi ya karkata, ya farka. Ya sauka Paris ran 21 da dare, ya ci kyautar dala 25,000.

Matuƙan da suka biyo baya aka ba su ƙwayoyi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta raba Pervitin, Ingila kuma ta yarda da Benzedrine cikin 1942. Ƙwayar takan kori gyangyaɗi, amma ba ta biyan bashin barci. Sau da yawa ƙarfin zuciya take ƙara wa mutum, ba kaifin hankali ba. 'Yan'uwa masu kwana da goro a baki daren jarrabawa, ai kun san zancen.

Sauran rayuwarsa ba daɗi sosai. Cikin 1932 aka sace ɗansa na fari, aka kashe. Sa'an nan ya yi ta jayayya kada Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, mutane da yawa suka juya masa baya. Ya rasu a Hawaii cikin 1974.