Donald Rodney: Mai zanen da ya mayar da ciwonsa saƙo

A ranar 4 ga watan Maris na shekarar 1998 ne Donald Rodney, ɗaya daga cikin fitattun masu fasahar zane baƙaƙen fata a Birtaniya, ya mutu yana da shekaru 36, bayan ya shafe rayuwarsa yana fama da cutar amosanin jini, wato sikila.

Rodney bai ɓoye cutar ba. Da ita ya yi amfani wajen nuna wa Birtaniya nata ciwon, wato wariyar launin fata da tabon cinikin bayi.

An haife shi a watan Mayu na 1961 a yankin Birmingham da ke tsakiyar Ingila. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Jamaika, kuma ya girma ne a garin Smethwick, inda ƙyamar baƙi ta yi ƙamari har ta sa Malcolm X ya kai ziyara a watan Fabrairun 1965, 'yan kwanaki kafin a kashe shi a Amurka.

A farkon shekarun 1980 ya shiga kwalejin Trent da ke Nottingham, inda ya haɗu da Keith Piper. Su biyun, tare da Eddie Chambers da Marlene Smith, sun kasance cikin ƙungiyar BLK Art Group, wadda ta dage a kan cewa dole zanen matasa baƙaƙe ya taɓo siyasa da halin da suke ciki. Daga baya ya ƙaro karatu a makarantar Slade da ke Landan.

Irin fasahar da ya runguma ita ce wadda ma'ana ta fi kyawun gani muhimmanci a cikinta, kuma mai ita yana iya aiki da duk abin da ya samu.

Abin da Rodney ya samu shi ne kayan asibiti. Cutar sikila, wadda ake gadonta daga uwa da uba, takan lanƙwashe ƙwayoyin jini su toshe ƙananan jijiyoyi, su haddasa matsanancin zogi da lalacewar gaɓoɓi. Ta fi kama mutanen da asalinsu na Afirka ne, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita.

Da yake yakan yi watanni a kwance, sai ya riƙa zane a kan tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti, yana kuma cika littattafai da tsare-tsaren ayyukan da abokansa ke taya shi haɗawa.

A 1990 ya yi wani aiki mai suna Visceral Canker a kusa da birnin Plymouth. Ya kafa tambarin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya da na John Hawkins, ɗan birnin da ya buɗe wa Ingila ƙofar safarar bayi daga Afirka ta Yamma a shekarun 1560, sannan ya haɗa su da bututan roba da jan ruwa ke zagayawa a ciki. Ya so ya zuba jininsa ne, amma hukumomi suka hana. Manufarsa ita ce jini ɗaya ne ya ɗaure sarautar da bayin da aka sayar.

Aikinsa da ya fi shahara shi ne In the House of My Father, ma'ana a gidan mahaifina. Hoto ne na tafin hannunsa riƙe da wani ɗan mitsitsin gida da ya harhaɗa da allurai daga fatar jikinsa da aka yanke lokacin tiyata. Gidan bai da ƙwarin da zai kare kowa, kamar yadda jikin da ya gada bai kare shi ba.

A baje kolinsa na ƙarshe a kudancin Landan a 1997, wanda ya sadaukar ga marigayi mahaifinsa, ya ajiye wani keken guragu mai inji da kwamfuta ke sarrafawa. Keken yana yawo shi kaɗai a tsakanin 'yan kallo, babu kowa a kansa, tamkar wakilin mai shi da ciwo ya kwantar.

Bayan mutuwarsa, abokansa sun kammala Autoicon a shekarar 2000, wani shiri na kwamfuta da ya tara bayanan lafiyarsa da tunaninsa domin mutane su ci gaba da hira da shi.

Gidan adana zane-zane na Tate yana riƙe da wasu ayyukansa da littattafan zanensa, kuma a 2024 da 2025 an sake baje kolin ayyukan nasa a Bristol da Nottingham da Landan.