Alkawarizmi, malamin lissafin ƴan kasuwa da sunansa ya shiga kwamfuta

A filin tarihin magabata na wannan mako mun ɗauko muku wani malami da ya rasu sama da shekara 1,100 da suka wuce, amma har gobe sunansa na bakin masu ƙera kwamfuta da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi. An haife shi wajen shekarar 780, kuma asalinsa daga ƙasar Kawarizm ne, yankin da a yau mafi yawansa ke cikin Uzbekistan da Turkmenistan. A Bagadaza ya yi aikinsa, zamanin halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, a wani gidan ilimi mai suna Baitul Hikma, inda ake fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci.

Wajen shekarar 820 ya rubuta littafinsa na hisabin aljabaru da muƙabala. Kada sunan ya ba ku tsoro. Jabaru kalma ce da Larabawa ke faɗi ga ɗorin ƙashin da ya karye: idan wani gefe na lissafi ya tauye sai a cike shi, a ƙara daidai wannan ga ɗaya gefen. Muƙabala kuwa, duk mai awo da sikeli ya san ta: ka cire abu guda daga hannun dama da na hagu, awo bai canza ba. Ya rubuta shi ne domin bukatun jama'a: ciniki, shari'a, awon gona da haƙa magudanar ruwa. Kusan rabin littafin ma batun rabon gado da wasiyya ne, abin da har yau ke raba zumunta. Akwai babi na saye da sayarwa, irin lissafin da Hajiya mai hatsi ke yi da ka: idan tiya 10 ta gero jikka 6 ce, mai jikka 3 tiya nawa zai samu? Duk da kalmomi ya yi bayaninsa, mataki bayan mataki, ta yadda wanda ya bi zai isa ga amsa, wanda bai yarda ba kuma zai iya komawa ya bincika.

Ya kuma rubuta littafi kan lambobin Indiya, 1 zuwa 9 da ɗan zoben nan da ke riƙe gurbi, wanda Larabawa ke kira sifr, mu kuma sifili. Ya yi jadawalin tafiyar rana da wata, ya tsara littafin wuraren duniya sama da 2,000. Allah Ya yi masa rasuwa wajen 850.

Shekara kusan 300 bayansa Turawa suka fassara littattafansa, na aljabaru a 1145. Sunansa ya gagari harshensu, suka maida shi Algoritmi, daga nan duk wata hanyar lissafi mai matakai ta zama algoritim. A 1202 wani ɗan Italiya, Fibonaci, wanda ya koyi lambobin a garin Bijaya na Aljeriya inda mahaifinsa ke aikin fatake, ya yaɗa su cikin ƴan kasuwar Turai. Ba a karɓe su da sauƙi ba. A 1299 ƙungiyar ƴan canji ta birnin Fulorans ta hana amfani da su cikin littafin ajiya. Ana tsoron maguɗi, tunda da ɗan jan alƙalami sifili na komawa 6 ko 9. Mu dai ba mu ga laifinsu ba, mai dukiya ne ya san zafinta.

Yau algoritim ne ke zaɓar abin da za ku gani a Facebook da TikTok, shi ke cikin ChatGPT da ya fito a 2022. A fannin kimiyya ya yi abin a zo a gani: wata na'ura mai suna AlphaFold ta gano siffar furotin, wato sinadaran da ke gina jikin halitta, kusan miliyan 200, alhali a da guda ɗaya na iya cin shekarun mai bincike. Masu neman rigakafin zazzaɓin cizon sauro na cikin waɗanda suka amfana, kuma biyu daga masu ƙera ta sun samu kyautar Nobel a 2024.

Sai dai akwai inda jikan ya saki hanyar kakansa. Na'urar yau daga tarin rubuce-rubucen mutane take koyo, kuma ko waɗanda suka ƙera ta ba koyaushe suke iya bin sawun yadda ta kai ga amsa ba. Tana iya kuskure ta faɗe shi da ƙarfin hali, balle da Hausa, wadda rubutunta bai yi yawa a intanet ba. Ƴan damfara kuma sun fara amfani da ita suna kwaikwayon muryar mutum ta salula, har mai kanti ya ɗauka abokin cinikinsa ne ke cewa a tura kuɗi. Tsoron ƴan canjin Fulorans ne ya dawo, sai dai su ko ba komai suna da takarda a hannu da za su duba.